Ranar da Iya Ta Kira Ni Sau Biyu

Tun da aka hana maimaita magana, kowa da na'urarsa a maƙogwaro. Ka faɗi kalma sau biyu a jere, ta ƙwace ta har abada. Wai wani farfesa ne ya gano da haruffa uku kacal za a yi ta zuba har tashin ƙiyama ba maimaici. Sannunsa da ƙoƙari. Shi dai ba shi da kaka mai ruɗewar tsufa.

Yau ina dama wa kakata Iya koko ta ɗago kai.

"Ladiyo."

"Na'am, Iya, na ji! Ya isa haka!"

"Ladiyo."

Na'urarta ta yi ƙit.

Iya ta daɗe tana kallona, bakinta na motsi. Can ta ce, "Ke yarinya, miƙo min kokon."

Na miƙa mata.