Gahawar Ƙarƙashin Gwiwa

Ranar Lahadi, sha ɗaya ga watan Nuwamba, bayan azahar, aka fara wannan zalunci. A riƙe ranar da kyau, domin masu laifin sun fi son a ce abin tsautsayi ne kawai. A wani gari mai tsananin sanyi a Amurka akwai wani tsohon magini mai suna Ramiz, mutumin duwatsun arewacin Albaniya. Ya shigo ƙasar da cokalin gini da 'yarsa guda, Drita. Mutanensa sun daɗe a garin suna gini, suna gasa burodi, suna gadin benaye, amma ba su taɓa samun nasu a majalisar gari ba. Da Drita ta tsaya takarar kansila, Ramiz ya bi gida-gida da ƙafa da guntun Turancinsa, yana ƙwanƙwasa ƙofar baƙi da fari. Ta ci zaɓe. A zauren ƙungiyar Albaniyawa aka yi rawa har dattawa suka jiƙe da gumi, aka ba shi kujera kusa da ta shugaba.

To, a cikinsu akwai wani mai gidajen haya, shi ne ya yi wa zauren rufi. Tukunyar da ke ɗumama benensa ta lalace tun bara, ya ƙi gyarawa. 'Yan hayansa, waɗanda babu Ba'albaniye ko ɗaya a cikinsu, suna kwana da rigunan sanyi, suna barin murhun girki a kunne don yara su samu barci. Suka kai ƙara majalisa. A zaman farko Drita ta ce a tilasta masa gyara kafin ƙanƙara ta sauka. Saura zama ɗaya a yanke hukunci, kuma ƙuri'arta ce raba gardama.

A can duwatsunsu akwai wata tsohuwar al'ada. Namijin da ya kasa tsare mutuncin gidansa ba a zaginsa, ba a dukansa. Idan an zo rabon gahawa, sai a miƙa masa finjalinsa ta ƙarƙashin gwiwa. Yaran da aka haifa a Amurka ko labarinta ba su sani ba. Ranar Lahadin nan shugaban ƙungiya da kansa ya ɗage ƙafa, ya zuro wa Ramiz finjali ta ƙasa, a gaban kowa.

“Sha, ɗan'uwa,” in ji shi. “Mun dasa itace a ƙofar gidanmu, inuwar ta faɗa gidan maƙwabta.”

Ramiz ya karɓi finjalin. Daga nan aka daina gayyatarsa biki, aka daina sanar da shi rasuwa. Wanda ya koya wa gini ya hango shi a hanya ya tsallaka titi. Ba kunyar ce ta fi cin Ramiz ba. A baƙuwar ƙasa, mutanenka su ne masu wanke ka, su ne masu ɗaukar makararka. Da abin ya ishe shi, ya tafi gidan 'yarsa.

“Ban ce mutumin nan yana da gaskiya ba,” ya ce mata. “Na hau benen, na dafa bango, sanyi kamar kabari. Amma idan na mutu, wa zai ɗauke ni? 'Yan haya?”

“Baba, su ma ai ka ƙwanƙwasa musu ƙofa.”

“Na sani,” ya ce, bai ɗago kai ba.

A zama na biyu Drita ta sunkuyar da kai, ta yarda a ɗaga wa mai gida ƙafa zuwa bazara. Aka mayar wa Ramiz kujerarsa, aka rungume shi. Ƙanƙara kuwa ba ta jira bazara ba. Bututun ruwa ya daskare ya fashe, aka fito da wata tsohuwa daga hawa na uku zuwa asibiti, inda aka yanke mata yatsun ƙafa da sanyi ya kashe. Jaridar gari ta buga hoton Drita, ba na shugaban ƙungiya ba. Da zaɓe ya zagayo, Ramiz ya sake bin ƙofofin nan, ana leƙo shi ta taga ana sakin labule. Ta faɗi. Kujerar da aka yi shekaru ana nema ta tafi, kuma dattawan da suka matsa mata su ne suka fara girgiza kai a zaure suna cewa, “Dama abin ya fi ƙarfinta.” Ramiz yana zaune a tsakiyarsu yana ji. Ya samu masu ɗaukar makararsa, amma tun daga ranar bai iya haɗa ido da 'yarsa ba.

Drita ta yi kuskure, ta kuma biya. Ubanta ya yi rauni, yana biya kullum. Saura waɗanda suka ɗauka kujerar al'umma gadon kakansu ce. A bainar jama'a suka ci mutuncin tsoho, saboda haka ba a ɗaki za a sasanta ba, ba kuma ta ɗan aike ba. Dole shugaban ƙungiya ya miƙe tsaye a cikin zauren, ƙofa a buɗe, 'yan haya suna ji, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya nemi gafarar tsohuwar nan, da ta Drita, da ta ubanta. Duk jama'ar da ta tura ɗanta aikin hukuma sannan ta ɗaura masa igiya a ƙafa, kada ta yi kuka da shi idan ya faɗi. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a mugun sarki, sai mugun bafade.