Daɓen da Aka Hana Motsi

Wani tsohon magini ne ya yi wa wani manomin shinkafa daɓen siminti na shanya a bakin fadama. Ya san halin ƙasar laka, da damina ta kumbura, da rani ta tsuke. Saboda haka sai da ya kwana uku yana zuba tsakuwa yana kirɓa ƙasa kafin ya kwaɓa ko buhu ɗaya. Da ya zuba kankare kuma ya yanka shi gida-gida, kowane taku shida ya bar siririyar tsaga, don in ƙasa ta motsa daɓen ya sami wurin bi. Bayan damina ɗaya wata kusurwa ta ɗan zauna, abin da bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Shi ke nan fa, manomi ya tara masa jama'a a kasuwa, wai an ha'ince shi, an yi masa daɓe kamar bayan kunkuru. Magini ya haɗiye fushi ya ce, "Malam, kowane daɓe yana zama. Wannan ya gama nasa, ka ƙyale shi." Ina! Mutumin da bai taɓa riƙe cokalin gini ba, yau shi ke koya wa mai furfura aiki. Abin takaici, mutane suka bi bakinsa, aka daina kiran tsohon ko gyaran dakali.

Manomi ya samo wani mai daɗin baki, aka farfasa aikin kirki da guduma, aka zuba sabo a kan ƙasar da diga ta tayar, falle ɗaya sumul kamar faranti. Rani ya tsaga shi inda ya ga dama, ruwan damina ya bi tsagar ya cinye ƙasan, tsakiya ta lotsa ta zama kwano. Da kaka, manomi ya baza noman shekara kaf a kai, sai ga ruwan ƙarshe. An rufa tamfol, amma ruwan da a da yake gangarewa ya taru ta ƙarƙashi. Kwana uku bayan haka magini ya biyo ta wurin, ya tarar da shinkafa ta yi tsiro fari fat, manomi na zaune a gefe ya yi tagumi. Tsohon bai yi dariya ba, ransa ne ya ƙara ɓaci, don abincin yara ne ya lalace a kan kaurin tsinke. Ya yi sallama ya wuce. Dama Hausawa sun faɗa, garin neman gira a rasa ido.