Koriyar Wayar Da Ya Yanke

Shekara goma sha bakwai ke nan yana gyaran rediyo da talabijin a shago ɗaya. A layin masu gyara Zafin Nama ake ce masa, don aiki ba ya kwana a teburinsa.

Ranar Talata da hantsi ƙanensa, Auta, ya shigo rungume da akwatin ƙarfe. Auta gyaran salula yake yi, shago huɗu tsakaninsu. Akwatin kuwa shi ne abin da masu sana'arsu ke kira fawa: na'ura mai mitocin awon wuta guda biyu a goshi, wadda ke ba da wuta daidai gwargwado idan za a gwada salular da ta mutu. In babu ita, Auta ba shi da aiki.

"Yaya, tsohuwar nan ta yi yaji. Ina kunna ta sai fis ya ƙone."

"Kai ba mai gyara ba ne?"

"Ni likitan yara ne. Wannan ciwon manya ne."

"Bakinka dai ya iya aiki. Ajiye, je ka sha shayi ka dawo."

Ya kwance kusoshi huɗu, ya ɗaga murfi. Ƙura ce da gawar kyankyaso. Ya hure, ya leƙa. Babu abin da ya kumbura, babu ƙauri. Ya sa sabon fis, ya kunna. Ƙyas, ya ƙone. Ya sa na biyu, shi ma haka.

Tsoho mai gyaran agogo, maƙwabcinsa, yana zaune a bakin ƙofa yana kallo.

"Ɗana, wuta na zuba a wani wuri. Ka ɗaga taransifomar nan ka duba ƙarƙashinta."

"Baba, talabijin shida ke jirana."

Ya san tsohon ya yi gaskiya. Ya kuma san dabarar da ake yi a layin. A cikin kowace irin wannan na'ura akwai koriyar waya da aka ɗaure a jikin ƙarfen. Idan wuta ta zubo a jikin akwatin, ita ce ke kwashe ta ta kai ƙasa, sai fis ya ƙone, komai ya tsaya. In aka yanke ta, fis ya daina ƙonewa.

Ya ɗauki filaya ya yanke ta. Fis na uku ya zauna lafiya. Allurar mita ta tashi. Yana tsaye a kan katako, da takalmin roba a ƙafa, kuma maɓallan roba kawai ya murɗa. Bai ji komai ba. Ya zare filogi, ya mayar da murfi. Sai ga Auta ya dawo.

"Har an gama? Kai, Yaya, hannunka ba na mutane ba ne."

Washegari Auta ya leƙo ta ƙofa.

"Yaya, tana aiki, amma tana ɗan cizo in na taɓa jikinta."

"To ka daina taɓa jikinta mana, kai da ke da mata a gida."

Layin ya kwashe da dariya. Auta ma ya yi dariya ya koma.

Ranar Alhamis aka yi ruwa. Rufin shagon Auta yana yoyo, ruwa ya kwanta a siminti. Ya tuɓe takalmi yana sharewa. Sai ya ga ɗigon yana sauka kusa da fawar, tana kunne. Ya sa hannu biyu ya ɗauke ta.

Kafin wani ya kai ga kashe wutar layin, an gama.

Zafin Nama bai yi kuka ba. Ya riƙe ƙafafun ƙanensa a bayan mota har asibiti. Ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya sa hannu inda aka nuna masa. Masu gaisuwa suka yi ta cewa wutar lantarki ba ta da amana, ya yi ta amsawa. Da aka ajiye masa abinci ya ci, bai san me ya ci ba. Mahaifiyarsu ta riƙe hannunsa ta ce, "Kai kaɗai ka rage mini." Ya dubi hannun.

Bayan mako guda aka kwashe kayan shagon Auta aka jibge a nasa. Fawar tana saman kwali. Ya ɗora ta a tebur, ya kwance kusoshi huɗun nan. Wannan karon ya ɗaga taransifoma. A ƙarƙashinta waya mai ɗauke da wuta ta matse a jikin ƙarfe, robarta ta goge. Wurin bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ya naɗe ta, ya kauce da ita gefe, ya haɗa koriyar wayar da dalma. Ya duba agogo. Minti goma sha biyu. Ya kunna, ta kama. Ya zauna yana kallon allurar.

A haka matar Auta ta same shi, da goyo a bayanta. Ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya, ka gano abin da ya jawo?"

"Na gano. Waya ce ta goge."

"Ranar da ya kawo maka, ba ta nuna ba?"

"Ban duba ba."

Ta gyara goyonta ta tafi. Tsoho mai agogo ya sunkuyar da kai ga aikinsa.

Mai karatu, fis ba ya ƙonewa a banza. Gargaɗi yake yi maka. In kai mai gyara ne, nemo ciwon, kada ka toshe bakin mai gargaɗi, kuma kada ka taɓa yanke wayar ƙasa. In kuwa na'ura ta fara cizo, a zare ta daga wuta nan take. Wanda zai taɓa ta bayanka bai san abin da ka yanke ba.