Fuskar Barira

Tun da kamfanoni suka saye fuskokin masu talla a intanet, fuskar ke aiki ita kaɗai, an kuma hana mai ita ganin tallan. Barira ma ta sayar da tata, shi ya sa ba ta fashin taron 'yan sana'ar, inda suke ba juna labari.

Ran nan Lantana, babbarsu, ta ja ta gefe.

"Maganin tarin da fuskarki ke tallatawa ya kashe yara. Iyayen na nemanki."

"Yaya, ko kwalbarsa ban taɓa gani ba."

Lantana ta ɗaura mata niƙabi, suka sa ta tsakiya suka fito. A bakin titi wata uwa ta nuna musu hoto a waya.

"Kun san wannan?"

Duk suka ce a'a. Barira ma ta girgiza kai.