Abincin Inna a Jirgi

Ya kwantar da kujerarsa ke nan zai miƙe ƙafa, ma'aikaciyar jirgin ta rusuna kusa da shi.

"Yallaɓai, dattijuwar da ke can baya mahaifiyarka ce? Hannunta na rawa, kuma ta ƙi cin komai."

Ya miƙe zumbur. Shekara tara yana hawa jirgi kamar motar haya, shi ya sa da aka ce an ɗaga shi zuwa kujerun gaba kyauta, ko tunani bai yi ba. Ya ɗaura wa Inna bel ɗin kujera, ya ce, "Ina nan gaba kaɗan," ya wuce. Ita kuwa yau ne hawanta na fari. Asibiti zai kai ta, ga ciwon suga da ba ya son yunwa, ga shi har an yi awa biyar a sama.

Ya yaye labulen da ya raba kujerun gaba da na baya da sauri. Ya tarar zufa ta jiƙa mata goshi, abincin na kan cinyarta, ta lulluɓe shi da gefen mayafi kada ya huce.

"Haba Inna! Me ya hana ki ci?"

Da ƙyar ta ɗago, ta miƙo masa.

"Yauwa ɗan nan, ka zo. Ina kallo mai tura keken abincin ta juyo daga bakin labule. Ku na can ba a ba ku komai ba. Zauna ka ci, ni na saba."

Ya buɗe baki zai yi magana, gyatsar naman da ya ci har faranti biyu ta taso masa. Ya danne ta.