Kwalbar Inna Sahura

Tun da aka kafa dokar, duk wanda ya ba da shaida a gaban kwamitin bincike, abin da ya gani ake cirewa daga kansa a adana a kwalba, don hukuma ta gani da idonsa, ta ɗauki darasi.

Inna Sahura ta ba da shaidar ranar da madatsar ruwan garinsu ta ɓalle. Ta san ruwa ya tafi da ɗanta Badamasi, amma maganar da ya yi mata ta ƙarshe ta bi shaidar.

Bayan shekara bakwai, da ta ji madatsar ta sake tsagewa, ta hau mota zuwa gidan adana shaidu.

"Ɗan nan," ta ce wa ma'aikacin wurin, "zuwa na yi in ji abin da manya suka koya daga tawa."

Ya ɗauko wata 'yar kwalba mai sunanta, ya jujjuya ta a hannu. Hatimin na nan yadda aka manna shi.

"Inna, ba a kai ga buɗewa ba tukuna."

"Ko mutum ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai.

"To, ba ni abina in koma gida."

"Doka ta hana, Inna. Sai an gama nazari."

Ta kara kwalbar a kunne, ta daɗe, kamar mai sauraron numfashin jariri. Sannan ta miƙa masa da hannu biyu.

"Duk ranar da wani ya buɗe, don Allah a aiko a faɗa mini me yaron nan ya ce."