Gwiwar Hagu

Aslam ya kifa takalmin hagu a kan benci, ya sa alanki, ɗan ƙarfen kwance noti, ya sassauta notunansa. Takalmin masu keken tsere ne, mai ɗan ƙarfe a ƙasa da ake ce wa kilit. Ka taka feda ya ce ƙas, ƙafa ta kame. In za ka sauka sai ka murɗa dunduniya waje.

Ya matsar da ƙarfen baya kamar kaurin farce, ya ɗaure.

Duk Asabar nan yake zuwa, rumfar Seth, mutumin Kagoro mai gyaran kekuna a bayan tashar Rumuokoro a Fatakwal. Gwiwar hagu ce ta hana shi sakat. Ciwon yana zaune ƙarƙashin ƙoƙon gwiwar kamar an kafa ƙusa mai zafi. Yayansa Saifullahi, wanda ya koya masa hawa, ya sha gaya masa: kada ka ɗaure ƙafa tamau, ka bar wa dunduniya wurin wasa dama da hagu, in ba haka ba gwiwa ce za ta sha wuya.

Bara da damina Saifullahi ya rasu. Tankar mai ce ta ƙwace ta yo kansu suna tafe su biyu, fedar Aslam ta ƙi sakin ƙafarsa, yayan ya juyo domin ya ceto shi, tankar ta haɗa da shi. Ranar da aka kai shi makwancinsa Aslam ba ya cikin hayyacinsa. Har yau bai ga kabarin ba. Ya rantse ba zai je a bas ba, sai a kan keken marigayin, yana tuƙawa da kansa. Amma duk sanda ya kama hanya, gwiwar ke dawo da shi.

"Ƙanena," in ji Seth, "kilit ɗin nan mun kai shi gaba, mun mai da shi baya. Mun canja zuwa kilit mai wasa da yawa. Sirdi mun ɗaga, mun sauke. Abeg, me ya rage?"

"Kamun fedar. A ƙara sake shi."

"Ya kai ƙarshe fa. Ko atishawa ka yi ƙafarka za ta fita."

Aslam bai yi dariya ba. Seth ya dubi takalmin dama da gumi ya cinye, ya dubi na hagu da cikinsa yake kamar jiya aka sayo.

"Likita me ya ce?"

"Wai ba daga keke ba ne."

"To?"

"Shi bai taɓa hawa ba."

Seth ya karɓi alanki ya juya notin da ya riga ya daina juyawa, ya miƙa masa keken ba tare da ya dube shi ba.

Fatakwal ta tashi da yayyafi. Aslam ya ratsa tsakanin bas-bas da keke napep, ya wuce masu albasa, ya wuce mahautan da suka saba yi musu ihu shi da yayansa, "Ga tagwayen hanya!" Yau hannu kawai suka ɗaga. A da yakan ji numfashin yayansa a gabansa, ya bi bayan tayarsa ido rufe. Yanzu iska ce ke dukan ƙirjinsa kai tsaye.

Daidai kwanar da abin ya faru, ƙusar ta shiga. Idonsa ya kawo ruwa. Nan yake juyawa kullum.

"Yaya, na sassauta," ya faɗa a hankali. "Wallahi na sassauta."

Bai juya ba.

A bakin maƙabarta ya dafa katanga, ya sunkuya ya sa hannu ya murɗa dunduniyar hagu ta fita. Malam Bubayero, tsohon da ke gadin wurin, ya amsa sallamarsa, ya dube shi sama da ƙasa, ya gane shi ba tare da tambaya ba. Ya ja shi har gindin wata bishiyar mangwaro.

"Ga na yayanka. Allah Ya jiƙansa. Na gefen kuma ni da kaina na haƙa, a rana ɗaya. Mahaifiyarku ce ta ce a sa su kusa da juna."

Aslam ya yi addu'a har ruwa ya ɗauke. Sannan ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kwance ƙafar roba daga cinyarsa ya jingine ta da keken, ya ɗora tafinsa a kan ɗan ƙaramin tudun da aka binne gwiwar da ke masa ciwo.